Azumin da Muka Shayar da Tankin Mota

Bana azumi ya sake faɗowa a ƙarshen bazara, lokacin da duwatsun Birnin Damagaram ke kwana da zafinsu su wayi gari da shi. Sau biyu ke nan yana zagayowa wannan wuri tun daga shekarar da zan ba da labarinta, kuma ba na zaton zan ga na uku. Jiya bayan azahar ina zaune a zaure sai iska ta kawo mini warin esansi, wato abin da mutanen Najeriya ke kira fetur. Na leƙa, na ga maƙwabcina kwance ƙarƙashin motarsa yana ɗaure tiyon roba da guntun waya. Na ce masa aikin bai yi ba. Ya ce, "Baba, zai kai ni gareji." Na ce zai kai shi, amma bai yi ba. Ya yi dariya ya tafi, ya bar ni da warin. Warin kuwa ya mayar da ni farkon shekarun hamsin, kafin mulkin kai, lokacin ina ƙaramin magatakarda a biro, wato ofishin gwamnati, da sabon aure da wando biyu.

Daminar da ta gabaci wannan azumi ta yi mana gardama. Ruwa ya ɗauke gero yana ƙoƙarin fitar da kai, ya kuma ƙi dawowa. Kafin sanyi ya wuce rumbunan ƙauye sun yi ƙasa, kafin bazara ta tsaya sun ƙare. A cikin gari muka koma ga garin rogo da fatake ke hawowa da shi daga kudu, abincin da iyayenmu ba su san shi ba, ba su kuma yi murnar saninsa ba. Da shi muke sahur: a jiƙa shi, a marmasa ƙuli-ƙuli ɗaya a kai don a ce an ci da wani abu. Da magariba maiɗakina Mariama takan dama kunun tsamiya, tsararo ƙwarai, har ka hangi gindin ƙwarya ta cikinsa. Ba na faɗin wannan don a ji tausayinmu. Muna da ƙuruciya, kuma ban tuna wata shekara da aka yi dariya a gidanmu kamar wannan ba.

Abin da ya fi hatsi wuya shi ne ruwa. Damagaram ba ta taɓa zama garin ruwa ba, amma a bazarar nan tabkuna sun bushe har ƙasarsu ta tsattsage, rijiyoyi kuma suka koma ba da rabin guga, rabin ma da laka. Mata kan jera tuluna a bakin rijiya tun kafin assalatu, su dawo da hantsi. Mariama ta kafa doka a gida, na kuma yaba dokar domin tana da tsari. A kan kwano ake alwala. Ruwan kwanon ya wanke ƙore, na ƙoren ya je wa akuya, abin da akuya ta rage a yayyafa a ɗaki don a sami wurin kwanciya. Yau jikokina kan buɗe famfo su tsaya magana a waya ruwa na zuba. Nakan tashi in rufe ba tare da na ce kome ba, domin na gwada faɗa na ga ba ya rufe famfo.

Azumi ya yi nisa sai ga wani mutum a ƙasa daga Garagumsa, ƙafafunsa fari fat, da saƙon Yaya Fanna. Ita ce babbar 'yar'uwata, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, aka kuma aurar da ita can ga wani manomi, Malam Idi. Saƙon gajere ne: sun cinye irinsu. Ba su kaɗai ba, duk unguwarsu. An share gonaki, an ƙone sassabe, an wasa sungumi, amma babu ƙwayar da za a jefa a rami. Wanda ya san ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Daminarmu gajera ce. Wanda bai bi ruwan farko da shuka ba, geronsa ba ya nuna kafin ruwa ya ɗauke, sai ya sake shiga shekara irin wadda bai gama fita daga cikinta ba. Yaya kuwa tana da ƙananan 'ya'ya.

Kawu Bukar, ƙanen mahaifiyarmu, mai fataucin fatu da kanwa, ya aika wa abokan cinikinsa na kudu suka haɗo masa buhunan irin gero, aka jibge su a zaurensa. Sauran kai su. Garagumsa tafiyar kwanaki ce ga jaki mai ƙarfi, kuma a shekarar nan babu jaki mai ƙarfi. Wanda ka ɗora wa mangala sai ya durƙusa ya dube ka. Raƙuma sun yi arewa, manyan motocin gyaɗa sun gama kakarsu sun tafi. Shamuwa kuma ta riga ta sauka a kan tsamiyar unguwarmu, alamar ruwa na hanya.

Abin da ya rage shi ne motar Kawu. Tsohuwar kamyonet ce, wato ƙaramar motar kaya, wadda ta yi wa wani Bature bauta tun kafin babban yaƙi, ta yi wa wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa, bayansa, kafin ta iso hannun Kawu. Shi yana kiranta Amarya. Duk Birni na kiranta Gwaggo. Ta yi watanni ƙarƙashin rumfa saboda ta koyi zubar da mai da mutuwa a hanya, shofer ɗinta kuma, wato direbanta, ya gaji ya tafi Kano.

"Laminu," in ji Kawu, "kai ne ka sha bulalar Nasara a lakwal. Zo ka duba Amarya."

Gaskiya ne. Na yi makarantar mishan, kuma ban da karatu akwai ɗakin aikin ƙarfe a bayanta, ƙarƙashin wani Bature mai dogon gemu da muke kira Mompe. A can na koyi tuƙi da kwance inji. Mutumin nan ba ya zagi. In ka kawo masa aiki ya ga aibi ko da na ƙwayar gero, sai ya lalata shi a gabanka ya miƙa maka sabon ƙarfe, ya koma ga abin da yake yi. Na ƙi shi ina yaro, na kuma zama shi ina babba.

Na shiga ƙarƙashin Gwaggo bayan sallar asuba, tun ƙarfe bai ɗau zafi ba. Tankin mai yana baya, ƙarƙashin dandamalin kaya, kuma daga gare shi wani siririn tiyon ƙarfe ke bin jikin motar har gaba, inda ɗan famfo ke jawo man ya ba inji. Tsatsa ta cinye wannan tiyo. Duk inda ya ɓule, shofer ya shafa sabulu ya naɗe da tsumma, har tiyon ya zama kamar ƙafar da aka yi wa ɗori. A wuyan tanki, inda tiyon ke shiga, akwai tsaga. Da na kwance na hura, iska ta ƙi wucewa. Na zura waya, na jawo wani baƙin dunƙulen zare. Ashe murfin tankin ya ɓace tun tuni, Kawu ya toshe bakin da guntun tsohon rawaninsa, rawanin ya yi ta zubar da zare a ciki, yashi na binsa.

"Kawu, rawaninka ne ya shaƙe ta."

"Rawanin nan ya je Kukawa ya dawo, bai shaƙe kowa ba."

"Sai an sauke tanki, a like wuyansa da dalma, a sa sabon tiyo daga baya har gaba."

"Sabulu fa?"

"Sabulu na wanka ne, Kawu."

"Da sabulu shofer ya kai ni Matamaye."

"Wa ya dawo da ku?"

Ya shiga gyara rawaninsa, domin shanu ne suka jawo su, duk Birni kuma ta fito kallo.

"Ɗan nan," ya ce, "sama ba za ta jira ka gama tsirfarku ta 'yan mishan ba."

"In ta tsaya mana a daji, ruwa zai sami irin nan a buhu, ya tsira a buhu. Sannan mu je mu gaya wa Yaya me?"

Ya dube ni, ya dubi gabas, ya ce in yi abin da zan yi, Allah ya ba shi haƙuri da 'ya'yan 'yan'uwa.

Da safe ina biro, don haka aikin ya zama na asuba zuwa fitowar rana, da na la'asar zuwa magariba. Tsakanin nan ma ba ya yiwuwa, domin ƙarfe kan yi zafin da in ka taɓa sai ka saki. Na fara da tatse sauran esansin da ke tanki, na tace shi ta ƙyalle cikin bido, wato jarkar ƙarfe, muka binne bidon cikin yashi a inuwa. Shi da wani da Kawu ya ɓoye, su ne duk guzurin tafiyar. Tiyo kuwa na samo shi daga gawar wata motar soja da ke yashe bayan bariki, bayan na nemi izini. Na jan ƙarfe ne, dogo, lafiyayye, amma lanƙwasarsa ta wata mota ce.

Na kai shi wurin Ɗanladi, maƙerin unguwarmu, mai aikin dalma da jan ƙarfe, mutum mai faɗin ƙirji da ba'a. Muka gasa tiyon a maƙera har ya yi ja, muka bar shi ya huce ya yi laushi. Tiyo irin wannan, in ka lanƙwasa shi babu kome a ciki, sai ya moƙe ya toshe kansa. Dole a cika shi da yashi mai laushi a toshe bakunansa. Mariama ce ta tankaɗe mini yashin, da rariyar da ta yi watanni ba ta ga garin gero ba.

"Ko ba kome ta tuna aikinta," in ji ta.

A kan taɓaryarta muka yi lanƙwasa, Ɗanladi na riƙe, ni ina ja a hankali, ina komawa ƙarƙashin mota ina gwadawa. Wata lanƙwasa ta zo kusa da bututun hayaƙi fiye da yadda ya kamata. Na ce a sake gasawa.

"Mushe, ai bai taɓa ba," in ji Ɗanladi, da laƙabin Turawa da ake kiran ma'aikatan biro da shi.

"Bai taɓa ba a tsaye. A hanya zai taɓa."

"To. Ni dai ina zuga maka wuta da azumi a bakina, in na faɗi kai za ka auri matata."

"Wadda ta fasa maka kai da ludayi? Tashi ka zuga."

Aka sake. Na zazzage yashin har ƙwayar ƙarshe, na buɗe bakunan tiyon da wani ɗan ƙarfe mai tsini da Ɗanladi ya ƙera mini, don su zauna daram a mazauninsu. Wurin baduku na karɓo guntayen fata da za a naɗa duk inda za a ɗaure tiyon, kada ƙarfe ya ci shi da gogayya. Kawu yana zagayawa yana jan tasbaha, yana gaya wa duk mai wucewa cewa ɗan 'yar'uwarsa na ɗinka wa mota takalmi.

Sai muka zo kan tanki, nan ne kuma aikin ya fi ƙarfin mutum biyu. Tankin da ya taɓa riƙe esansi, ko ya bushe, tururin na nan a ciki, kuma in zafi ya kusance shi sai ya tashi da maƙeri da maƙera. Ni na sani, Ɗanladi ya sani, babu wanda ya yi wa wani musu. Dole a wanke shi, sannan a cika shi da ruwa har wuya, a bar tsagar kaɗai a sama, kafin a kawo dalma.

Na gaya wa Mariama muna shan ruwa. Ta ajiye ludayi.

"Tulu nawa?"

"Da yawa."

"Malam, ruwan da nake hana ka wanka da shi, shi zan ba mota?"

"Yaya Fanna za ki ba."

Ta dubi randa, ta dubi akuya. Ba ta ƙarasa kununta ba ta ɗauki mayafi ta fita, na ji sallamarta a gidan maƙwabta, daga nan kuma a gidan gaba.

Washegari Asabar ce, ana tashi daga biro da wuri. Na iso ƙofar gidan Kawu na tarar da abin da ban taɓa gani ba, ban kuma sake gani ba. Matan unguwa ne a jere, waɗanda suka dawo daga rijiya ba su wuce gida ba. Mai tulu, mai rabin tulu, mai ƙwarya. Kusan kowace tana da wani a ƙauye da ke jiran iri, ko a Garagumsa ko a wani wuri, kuma sun ɗauki abin kamar nasu. Wata tsohuwa, Ya Falmata, wadda ba ta iya zuwa rijiya, ta zo da butar alwalarta ta ce za ta yi taimama.

"Mu da azumi," in ji wata, "Gwaggo da shan ruwa rana tsaka!"

"Motar Nasara ce," in ji Ya Falmata, "ba a wajabta mata ba."

"Amarya ce," in ji Kawu, "ku daina kiranta Gwaggo a gabana."

"In wannan ce amarya, Bukar, to ni budurwa ce."

Muka zuba toka da tsakuwa da ruwan farko, maza suka kama tankin ta gefe biyu suna jijjigawa, mata na tafa musu kamar ana daka. Abin da ya fito ja ne kamar kunun kanwa, da sauran rawanin Kawu a ciki. Aka sake, aka kuma sake, sai da na shinshina bakin ban ji kome ba. Sannan aka fara cikawa. Na tsaya da mazurari, kowace ta zo ta juye nata a hankali, kada ɗigo ya faɗi ƙasa. Leɓunanmu sun bushe sun farfashe, harshe ya yi nauyi, ga ƙarar ruwa na sauka cikin ƙarfe a kunnen kowa. Wata ta rufe idonta tana juyewa tana dariya.

Na kankare wuyan tankin har ya yi ƙyalli. Ɗanladi ya gasa ƙarfen likinsa can nesa, ya zo da shi da sauri, ya bi tsagar da dalma. Muka juya tankin likin ya koma ƙasa, na shimfiɗa farin ƙyalle ƙarƙashinsa, muka zauna muna kallo kamar masu neman jinjirin wata. Ƙyallen bai jiƙe ba. Na sa yatsa na shafa, na ce ya yi. Ɗanladi ya miƙe ya shaida wa jama'a cewa yau Mushe Laminu ya ce abu ya yi, a rubuta. Wata ta rangaɗa guɗa.

Ruwan ba ya shayuwa, ko akuya ba za ta kusance shi ba, amma ba a zubar da shi a banza ba: aka bi gindin katangu da shi inda gara ta yi gida. Tankin ya bushe a rana kafin magariba. A daren nan babu wanda ya yi wanka a unguwarmu. Kawu kuwa ya shiga ɗaki ya fito da wata jakar dabinon Bilma da ya rantse mana tun farkon azumi cewa babu ita, ya aika kowane gida da nasa. Can gabas walƙiya na wasa, nesa, babu ƙara.

Lahadi da hantsi na gama ɗaurawa. Sabon tiyo na kwance a jikin motar, ja, kowace lanƙwasa a wurinta. Ɗanladi ya ƙera murfi da gwangwani da fata. Muka tono bido, muka zuba mai, aka ɗora buhuna aka rufe da tamfol. Iska ta juya, tana zuwa da ɗumi da wani ƙamshi, sama ta gabas kuma ta fara yin toka.

Na kama ƙarfen tayarwa na juya. Shiru. Ɗanladi ya karɓa ya juya har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Shiru. Na ɗiga ɗan mai a bakin inji. Ta yi tari, ta kama, ta mutu. Na san dalili. Tiyon dogo ne kuma babu kome cikinsa sai iska, ɗan famfon kuwa tsoho ne, ba shi da ƙarfin jawo mai daga can baya. Abin da kowane shofer ke yi shi ne ya kwance bakin tiyon na gaba ya tsotsa har man ya zo. Kuma man ba ya sallama. Sai dai ka ji shi a maƙogwaro.

Muka dubi juna. Rana na tsaka, kowa da azuminsa, cikin goman ƙarshe.

"Ai mu matafiya ne," in ji Kawu.

"Matafiyi sai ya bar gari, Kawu. Ko rumfa ba mu bari ba."

"Ka tsotsa ka tofar," in ji Ɗanladi.

"Kai ka taɓa tsotsa bai wuce ba?"

Ya ce bari ya gwada nasa. Ya ɗauko zugazuginsa ya kafa a bakin tanki don ya tura man da iska. Iskar ta kuɓuce ta gefe, ta watsa wa Kawu tokar maƙera a gemu. A jira magariba kuwa ba zai yiwu ba. Akwai wata ƙorama gab da Garagumsa wadda in ta kawo ruwa sai ta hana mota wucewa har yashinta ya tsane, Gwaggo kuma fitila ɗaya gare ta. Kawu ya fara naɗe hannun riga yana cewa shi zai yi ya rama bayan Salla. Ba zan bar dattijo ya sha esansi ina tsaye ba. Na durƙusa na kama bakin tiyon, zuciyata ba daɗi, domin ban taɓa shan azumi ba tun da na balaga.

"Lamin! Me kake roƙon Gwaggo a durƙushe?"

Kojo ne. Iyayensa mutanen Dahome ne, amma a nan unguwar Zango aka haife shi. Benci ɗaya muka zauna a mishan, biro ɗaya muke aiki. Kirista ne, yana dawowa daga sallarsu ta Lahadi, cikin farin kwat da farin wando da malafar Turawa, da laima a hannu. Duk Damagaram babu mai tsabtar kaya kamarsa. Kafin in buɗe baki Ɗanladi ya riga ya riƙe masa laimar.

"Mushe Kojo, Allah ne ya kawo ka. Ka karya kumallo?"

"Ban karya ba. Mu ma ba ma cin kome kafin salla."

"To ga kunu."

Na yi masa bayani yadda ya kamata, da maganar Yaya da ta ƙorama. Ya san Yaya; ta sha ba mu fura muna yara. Ya dubi tiyon, ya dubi kwat ɗinsa, ya dubi gabas.

"Wato duk Musulmin Birni sun taru, aljannarsu na hannun ɗan Dahome."

"Iri dai, Mushe," in ji Kawu, "aljanna muna da hanyarmu."

Ya miƙa wa Kawu malafa, ya shimfiɗa hankici a ƙasa, ya durƙusa a kai, ya sa baki. Ya ja, ya huta, ya ja. Kumatunsa suka lotsa, idanunsa suka fito. Sai kawai ya yi baya yana tofarwa yana tari, man na zuba daga tiyon bisa farin wandonsa. Na toshe da yatsa na ɗaura da sauri. Ɗanladi ya juya ƙarfe sau ɗaya, Gwaggo ta kama da wata ƙara mai daɗi, ta ci gaba, ba ta mutu ba. Unguwa ta ɗauki ihu. Mariama ta fito da ruwan da ta ajiye na shan ruwanmu, ta ba Kojo ya kurkure baki, ta bi shi da ɗan nono. Ya koma bayan katanga ya sha, don kada ya sha a gaban masu azumi. Da ya fito ya ce shi fa sai an tafi da shi, yana son ya ga abin da ya sha esansi dominsa.

Muka kama hanyar Takeita, ni a tuƙi, Kawu a gefena, Kojo bisa buhuna da laimarsa. Daji ya ƙone ƙurmus, itatuwa babu ganye, gawar saniya nan da can. Hadarin na bayanmu yana tasowa, baƙi daga ƙasa har sama. Da muka yi nisa na tsaya, na shiga ƙarƙashi na shafa kowace mahaɗa da yatsa.

"Laminu! Wallahi in ruwan nan ya same mu sai na tsine wa Mompe ɗinku!"

A bushe suke duka. Na fito na karkaɗe riga, muka ci gaba.

Iskar ta cim mana bayan Takeita. Ta ɗauke laimar Kojo, ba mu sake ganinta ba. Ya kwanta rub da ciki bisa tamfol ya riƙe gefensa da hannu biyu. Ɗigon farko ya faɗo a gilashi, manya, kowane da ƙurarsa. Da muka iso ƙoramar, wani siririn ruwa ja ya fara bin tsakiyarta. Na sa giya ta ƙasa, na ce bisimilla. Gwaggo ta shiga tana nishi, ƙafafun baya suka yi juyi a wuri ɗaya, Kawu ya kira sunayen waliyyan da ya sani, sai ta dafe ta hau gaɓa. Sama ta buɗe gaba ɗaya.

Magariba ta same mu nan bisa gaɓar, ana hangen rumbunan Garagumsa. Muka tsaya. Ruwa ya taru a lotsin tamfol, mai sanyi, garau. Kawu ya sa hannu biyu ya ɗiba, ni ma na ɗiba. Muka sha, muka ƙara, babu mai aunawa. Kawu ya tuɓe rawani ya tsaya cikin ruwan, bakinsa a buɗe, yana dariya kamar yaro.

Mutanen unguwa sun ji ƙarar mota sun fito cikin ruwan. Aka kwashe buhunan da gudu zuwa zauren Malam Idi. Yaya Fanna ba ta gaishe ni ba. Ta rame har na ji tsoro. Ta kwance bakin buhu, ta tura hannu har gwiwa, ta fito da ƙwayar ta murza, ta kai hanci.

"A bushe yake," ta ce. Sai ta juya ta shinshina iska. "Wane ne ke warin nan?"

"Ni ne, Yaya," in ji Kojo daga bakin ƙofa, farin kayansa sun koma launin laka.

"Kojo? Ɗan nan, me ka sha?"

"Kunun mutanen Birni."

Sannan ta zauna a kan buhun, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ba mu san ko dariya take ko kuka ba, ba mu kuma tambaya ba.

Da gari ya waye Malam Idi ya tona ƙasa da hannu, danshi ya wuce tsawon tafinsa. An raba iri tun bayan asuba, ƙwarya ƙwarya, gida gida. Kafin rana ta fito duk unguwar na gona, har tsofaffi. Maza na gaba suna sara da sungumi, mata na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ƙasar na ƙamshi. Aka ba Kojo aron riga da ƙwarya, aka ba ni sungumi. Layin Malam Idi ya karkace kaɗan wajen wani gawo, na gani sarai, na kuma buɗe baki zan faɗa. Sai na waiga na ga Yaya a bayana, ƙwarya a ƙugu, ta jefa ƙwayoyin farko cikin ramin da na sara, ta taka.

"Yi gaba, Laminu," ta ce, "ƙasa na bushewa."

Na rufe bakina, na ɗaga sungumi.